DARASI: WA ZAI BIYA BASHIN HUKUMA? HUKUNCIN ƊORA WA MAWADATA HARAJI



Ya ku 'yan'uwa samari da 'yan mata na zango, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala ce wadda ake ta ja-in-ja a kanta a nan Amurka, kuma malamanmu na Musulunci sun daɗe da yin magana a kanta tun kafin a san da wata ƙasa mai wannan suna. Mas'alar ita ce: idan hukuma ta ci bashi ya yi mata katutu, shin ya halatta ta waiwayi manyan masu dukiya ta ɗora masu wani haraji na daban domin a rage shi? Za mu fara da abin da ke faruwa a ƙofar gidanmu, sannan mu koma ga littattafai.

ABIN DA YA FARU A GUNDUMAR GUILFORD

Garin Pleasant Garden ƙaramin gari ne a kudu da birnin Greensboro, mutanensa kimanin 5,000 ne a ƙidayar 2020, kuma duka biyun suna cikin gundumar Guilford ta jihar Karolina ta Arewa. Makarantun gwamnati da yaranmu da ƙannenmu ke zuwa, hukumar gunduma ce ke da alhakin gina su da gyara su. Da yawansu sun tsufa ƙwarai, sannan guguwar da ta ratsa gabashin Greensboro a watan Afrilu na 2018 ta lalata makarantun firamare uku. Ke nan buƙatar gyara gaskiya ce, ba wanda ya ƙirƙire ta.

A watan Nuwamba na 2020 aka tambayi masu zaɓe ko sun yarda gunduma ta ciwo bashin dala miliyan 300 domin makarantu, suka ce sun yarda. A watan Mayu na 2022 aka sake tambayarsu, wannan karon dala biliyan 1.7, suka sake cewa sun yarda. To amma a kan takardar ƙuri'ar, duka karo biyun, akwai wata tambaya ta biyu: ko sun yarda a ƙara santi 25 a kan kowane cinikin dala 100 a harajin saye? Nan fa suka ce atafau ba su yarda ba. Wato jama'a sun amince a ci bashi, sun ƙi ɗaya daga cikin hanyoyin da aka nuna masu ta biyansa.

Wani zai yi dariya ya ce wannan ai wauta ce. Mu a wurinmu abin ya fi ƙarfin dariya, domin harajin saye ya fi cizon talaka. Mai aikin ɗaukar kaya a sito kusan duk abin da ya samu a wata a kanti yake ƙarewa, shi kuwa mai miliyoyi ɗan kaɗan ne daga cikin samunsa ke bi ta kanti. Sai dai ƙin da aka yi bai sa bashin ya ɓace ba. Nauyin ya koma kan harajin gidaje da filaye. A 2022 aka sake ƙiyasta darajar gidaje a gundumar, darajar ta hau, hukuma kuma ta bar ma'aunin harajin yadda yake, ta ware wani kaso domin biyan bashin makarantu. Kada ɗan haya ya ce wannan bai shafe shi ba. Mai gida ba ya biyan harajin nan daga aljihunsa muddin yana da wanda zai ƙara wa kuɗin haya.

Me ya hana gunduma ta nufi masu babban samu kai tsaye? Doka ba ta ba ta wannan iko ba, harajin samun kuɗi na jiha ne da na tarayya. Ita kuwa jihar wata hanya ta daban ta kama. Kafin 2014 harajin samun kuɗi a Karolina ta Arewa hawa uku ne: kashi 6, da kashi 7, da kashi 7.75 cikin 100 ga masu babban samu. Dokar da majalisar jiha ta yi a 2013 ta rushe hawa-hawan nan ta mai da kowa bai ɗaya, kashi 5.8 daga 2014, aka yi ta rage shi har ya sauko kashi 4.5 a 2024 da kashi 4.25 a 2025. A 2013 ɗin nan ne kuma aka soke harajin jiha a kan manyan dukiyoyin gado. A 2018 masu zaɓe suka amince da gyaran kundin tsarin mulkin jiha wanda ya hana harajin samun kuɗi ya wuce kashi 7.

Akwai wani abu kuma da ba kowa ya sani ba. Jihar nan ta taɓa samun haraji a kan dukiyar da ke kwance, wato hannun jari da makamantansa, santi 25 a kan kowace dala 100 ta darajar hannun jarin, ana biya duk shekara. An soke shi a 1995, kuma a 1996 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa yadda aka tsara shi ya saɓa wa tsarin mulki, domin yana fifita kamfanonin cikin jihar a kan na waje. Ku dubi adadin da kyau. Santi 25 ɗin da aka ɗauke daga kan hannun jarin attajiri, shi ne daidai santi 25 ɗin da aka zo ana roƙon a ɗora a kan takalmi da sabulu da littafin makaranta.

KALMOMIN DA YA KAMATA MU BAMBANCE

Kafin mu shiga hukunci, dole mu tsaya a kan kalmomi, domin yawancin rikicin da ake yi a majalisun hira daga cakuɗa su yake tasowa. Kalmarmu ta haraji daga Larabci ta zo, kharaj, kuma asalinta abin da ake karɓa ne a kan ƙasar noma, kamar yadda Sayyidina Umar (R.A.) ya tsara wa ƙasar Iraƙi da aka ci da yaƙi. Mu Hausawa muka faɗaɗa ta har ta haɗiye duk wani abin da hukuma ke karɓa, har da wanda iyayenmu a Kumasi da Nima suke kira lampo. Larabawan yau suna cewa dariba.

Sai kalmar maks. Wannan ita ce kuɗin da ake tare mutane a kasuwa ko a kan hanya a karɓa ba bisa haƙƙi ba, a kashe su ba bisa haƙƙi ba. Zunubinta babba ne, har a hadisin matar nan ta ƙabilar Gamid da ke cikin Sahihu Muslim, da Annabi (S.A.W.) zai nuna girman tubanta, sai ya auna shi da tuban da zai ishi mai karɓar maks. Irin wannan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan Hausa da shi a cikin Kitabul Farƙi, inda ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin abubuwan da suke ɗora wa talakawa ba da izinin shari'a ba.

Ta uku ita ce wadda darasinmu ke kanta, tauzif, wasu malaman kuma suna cewa nawa'ib. Ma'anarta shugaba ya yanka wa masu hali wani abu da za su bayar, ban da zakka, saboda wata larura da ta auko wa jama'a alhali baitulmali ba kowa. Duk wanda ya ɗauki hadisan maks ya jefa a kan tauzif ya yi kuskure. Haka shi ma wanda ya ɗauki fatawar tauzif ya wanke kowane irin ƙwace da ita.

Wataƙila wani ɗalibi ya ce: ai muna da zakka, me ya sa ba za a biya bashin hukuma da ita ba, tunda masu bashi suna cikin waɗanda ake ba? Amsa ita ce aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade gidaje takwas da zakka ke shiga, kuma masu bashin da aka ambata a cikinsu mutane ne waɗanda bashi ya danne, kamar wanda ya ci domin ciyar da iyali ya kasa biya. Zakka haƙƙin waɗannan ce. Ba a kwashe ta a zuba wa bankuna da masu riƙe da takardun bashin gwamnati, balle a ce har da kuɗin ruwa.

ABIN DA MALAMAI SUKA TSAYA A KAI

Shugaba ya ci bashi domin jama'a abu ne mai asali. Annabi (S.A.W.) ya ranci ɗan raƙumi a wurin wani mutum, da raƙuman sadaka suka iso ya sa Abu Rafi'i ya biya shi da wanda ya fi nasa. Gab da yaƙin Hunaini ya ari sulkuna a wurin Safwanu ɗan Umayya. A lura, a misalin farko akwai abin da ake jira ya shigo, kuma ba ruwa a ciki.

Daga nan ne Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, da Imamush Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 790, suka fitar da wata ƙa'ida mai muhimmanci ga zamaninmu. A wurinsu ana cin bashi da sunan baitulmali ne idan akwai kuɗin shiga da ake sa ran isowarsu. Idan kuwa babu abin da ake jira, ko abin da ke shigowa ba zai isa ba, to rance ya zama yaudarar kai, sai a koma ga mawadata a yanka masu abin da zai toshe ɓarakar. Malamin Gazali, Imamul Haramaini Al-Juwaini, ya riga su faɗaɗa wannan magana a littafinsa Giyasul Umam. Ibn Hazmi shi ma a cikin Al-Muhalla ya tafi a kan cewa wajibi ne mawadatan kowane gari su ɗauki nauyin matalautansa idan zakka ta gaza, kuma shugaba yana da ikon tilasta masu.

Mu mutanen Afirka ta Yamma ba sai mun je nesa ba. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, kuma a babin tara dukiya ya nuna cewa idan musiba ta auko, baitulmali ba komai, kuma ba yadda za a tunkuɗe ta sai da dukiyar mutane, to taimako ya wajaba a kansu, kowa gwargwadon halinsa, ba tare da an mai da abin na dindindin ba.

Amma fa malaman nan ba su miƙa wa sarakuna wuƙa da nama ba. Labarin da ya fi bayyana haka shi ne na Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Malamai. A shekara ta 1258 Tatar suka rushe Bagadaza suka kashe halifa, suka doshi Sham, kowa ya san Masar ce ke biye. Aka tara malamai da alƙalai a Alƙahira a gaban Saifuddini Ƙuɗuz, ana neman fatawar a karɓi kuɗi daga jama'a domin shirya runduna. Ba larurar da ta fi wannan. Duk da haka Shehin ya ce ba a taɓa dukiyar talakawa sai baitulmali ya ƙare ƙaf, sai kuma manyan sojoji da 'yan fada sun sayar da ɗamarunsu na zinariya da kayan alatunsu, kowa ya rage daga shi sai dokinsa da makaminsa, sun zama daidai da sauran mutane. Sannan ne za a waiwayi jama'a. Rundunar da aka shirya ita ce ta karya Tatar a Ainu Jaluta cikin Ramalan na 658, wato 1260.

Tun kafin wannan, Yusufu ɗan Tashfin, sarkin Murabiɗai, ya nemi taimakon kuɗin yaƙi daga biranen Andalus, wasu malamai suka ba shi fatawa da hujjar cewa Umar ya yi haka. Alƙalin birnin Almeriya ya ƙi. Ya aika masa cewa sai ya shiga masallaci a gaban malamai ya rantse cewa ba ko dirhami ɗaya a baitulmali, sannan ya cancanci a ba shi. Wannan alƙali yana burge mu ƙwarai, domin abin da ya nema shi ne abin da a yau ake kira binciken asusun gwamnati, sai dai nasa da rantsuwa a ɗakin Allah.

Idan muka tattara maganganunsu, za mu ga akwai jeri. Larura ta zama ta gaske. Asusun hukuma ya zama ya ƙare, kuma an tabbatar da haka a bainar jama'a. Masu mulki su fara da kansu. Sannan a karɓa gwargwadon hali, mai yawa ya ba da mai yawa, a kashe a inda aka ce, a daina idan larurar ta wuce. Sharaɗin gwargwadon hali shi ne zuciyar mas'alar. Kashi 4 daga albashin mai share asibiti kuɗin abincin yara ne, kashi 4 daga samun mai kamfanoni kuwa bai hana shi ko sauya mota ba. Daidaita su a lamba ɗaya bai zama adalci ba don kawai lambar ɗaya ce.

DAGA GUNDUMA ZUWA TARAYYA

Bashin Guilford ɗan yaro ne idan aka ajiye shi kusa da na gwamnatin tarayya, wanda ya haye dala tiriliyan 38 a watan Oktoba na 2025. A shekarar kasafi ta 2024 giɓin da ke tsakanin abin da gwamnati ta tara da abin da ta kashe ya kai kimanin dala tiriliyan 1.8, kuma kuɗin ruwa kaɗai da ta biya ya haura dala biliyan 850, fiye da abin da ta kashe wa soja a shekarar. Bahaushe ya ce bashi hanji ne yana cikin kowa, to amma wannan hanjin ya kumbura.

A nan akwai abin da Musulmi ya kamata ya lura da shi. Idan hukuma na neman kuɗi a wurin mai dukiya, hanya biyu ce: ko ta karɓa a matsayin haraji, ko ta ranta ta riƙa biyansa ruwa. A hanya ta biyu dukiyarsa tana nan, tana ma haihuwa, kuma ruwan da ake biyansa daga harajin kowa da kowa yake fitowa. A Amurka ma ruwan da mutum ya samu daga takardun bashin gundumomi da birane galibi ba a cire masa harajin tarayya a kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aya ta 7 ta Suratul Hashri ta bayyana cewa hikimar rabon dukiyar fai'i ita ce kada dukiya ta riƙa kewayawa a tsakanin mawadata kawai, kuma bashin gwamnati mai ruwa yana daga cikin manyan injinan da ke sa ta wannan kewayawa.

Yaya manyan attajirai suke biyan kaɗan ba tare da sun karya doka ba? Duk wanda ya karanta babin zakka a Risala zai gane abin nan da nan. A mazhabarmu ta Malikiyya 'yan kasuwa iri biyu ne. Akwai mudir, mai juya kaya kullum kamar mai kanti, wanda ke ƙiyasta hajarsa duk shekara ya fitar da zakka. Akwai kuma muhtakir, mai ajiye haja yana jiran farashi, wanda ba ya fitarwa sai ranar da ya sayar, sannan ya ba da ta shekara ɗaya. Dokar Amurka tana yi wa ma'aikaci irin ta mudir, har ma ta fi, domin tun kafin albashi ya shigo hannunsa an yanke. Shi kuwa mai hannun jari ana yi masa irin ta muhtakir: komai hawan da jarinsa zai yi, ba haraji sai ya sayar. To sai ya ƙi sayarwa, ya jinginar da jarin a banki ya karɓi rance ya yi hidimarsa, rance kuwa ba a kiransa samu. Ranar da ya mutu magada su karɓi jarin a kan darajarsa ta ranar, ribar shekaru arba'in ta wuce ba a taɓa cire mata harajin riba ba. A 2011 attajiri Warren Buffett da kansa ya rubuta a jarida cewa kashi 17.4 ya biya a shekarar da ta gabata, ƙasa da duk ma'aikatan da ke ofishinsa.

Wannan ne ya sa wasu ke kiran a ɗora haraji a kan ita dukiyar kanta. 'Yar majalisar dattawa Elizabeth Warren ta kawo shawara a 2019 ta kashi 2 duk shekara a kan abin da ya haura dala miliyan 50. A 2024 masanin tattalin arziki Gabriel Zucman ya gabatar wa ƙungiyar ƙasashe 20 masu ƙarfin arziki, a ƙarƙashin shugabancin Brazil, shawarar kashi 2 a kan masu biliyoyi kimanin 3,000 na duniya. Kashi 2 ɗin da ake ta kururuwa a kansa ana cewa ƙwace ne, bai kai kashi 2.5 da ɗan kasuwar zango mai nisabi yake fitarwa duk shekara ba tare da an aiko masa ɗan sanda ba.

BARI MU YI LISSAFI

Sai dai kada zumuɗi ya ɗebe mu. Mujallar Forbes ta ƙirga masu biliyoyi 902 a Amurka a 2025, dukiyarsu gaba ɗaya kimanin dala tiriliyan 6.8. Ko da a ce an ƙwace ta duka, abin da shari'a ba ta yarda da shi ba, ba ta kai kashi ɗaya bisa biyar na bashin ba. Idan aka cire mata ma'aunin zakka, kashi 2.5, za a samu dala biliyan 170 a shekara. Kuɗi ne masu yawa, amma ba su kai kashi ɗaya bisa goma na giɓin 2024 ba. Duk ɗan siyasar da ya ce maku harajin attajirai kaɗai zai share bashin Amurka, ku miƙa masa alli ya zo ya nuna a allo.

Tarihi ma haka ya nuna. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu bashin da ake bin gwamnatin Amurka ya zarce duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Harajin hawa na ƙoli ya kai kashi 94 a 1944 da 1945, ya kuma tsaya a kashi 91 ko fiye daga 1951 har 1963, kuma zuwa 1974 nauyin bashin ya sauko kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Amma haɓakar tattalin arziki da hauhawar farashi sun yi babban aiki a wannan sauka, kuma ƙalilan ne suka biya kashi 91 ɗin a zahiri. A 1993 aka ɗaga hawa na ƙoli zuwa kashi 39.6, aka tsuke kashe kuɗi, kasuwa ta yi kyau, sai ga rarar kasafi shekaru huɗu a jere daga 1998 zuwa 2001. Abubuwa ne suka taru.

Masu adawa kuma suna da maganar da ba a yar da ita ba. Suna cewa dukiya tana da ƙafa. A 1990 ƙasashe 12 ne cikin ƙungiyar ƙasashe masu ci gaban masana'antu ke karɓar harajin dukiya, zuwa 2017 saura 4, Faransa ma a 2018 ta taƙaita nata a kan gidaje da filaye. Ƙiyasta darajar kamfanin da ba a sayar da jarinsa a kasuwa aiki ne mai wuya, kuma a Amurka akwai gardama ko tsarin mulki ya yarda da irin wannan haraji. A nan jihar kuwa za su nuna maka masana'antar batir ta Toyota da ke kusa da garin Liberty, tafiyar 'yan mintoci daga Pleasant Garden, wadda aka sanar da ita a 2021, su ce sauƙin haraji ne ke jawo irinta. Muna jin wannan, domin wasu daga cikinmu irin waɗannan ayyuka suke nema. Amma kamfanin yana buƙatar ma'aikatan da suka iya karatu da lissafi, waɗanda za su fito daga makarantun da aka ciwo bashi domin a gyara. Kuma Suwizalan, inda attajiran duniya ke rububin zama, ta daɗe tana karɓar harajin dukiya ba su gudu ba.

Ra'ayinmu shi ne, ɗora wa manyan mawadata ƙarin nauyi a lokacin matsin bashi abu ne da ya dace da ma'aunin da malamanmu suka kafa, ko da bai isa shi kaɗai ba. Rashin isarsa ba hujja ba ce ta tsallake shi a fara da talaka. Kuma wanda ke kiran a karɓa daga attajirai amma ya yi shiru a kan inda kuɗin ke tafiya, ya riƙe rabin fatawar Izzuddini ya saki rabi.

Waɗanda ke da iyaye a Gana sun ga abin da ke faruwa idan aka juya jerin nan. A watan Mayu na 2022 aka fara cire kashi 1.5 daga kuɗin da ake aikawa ta waya, wanda ya taɓa har mai sayar da koko da ƙosai. Zuwa Disamba gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, ta kuma nemi masu riƙe da takardun bashinta na cikin gida su karɓi sababbi masu ƙarancin riba da dogon wa'adi. A farkon 2023 tsofaffi 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Akra, har da tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo. A watan Mayu na 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da rancen dala biliyan 3. Harajin wayar sai a watan Afrilu na 2025 aka soke shi.

ABIN DA YA HAU KANMU

Amurka ba daular Musulunci ba ce, kuma fatawoyin da muka kawo ba a yi su domin majalisar birnin Raleigh ba. Mun kawo su ne a matsayin ma'auni, domin idan an miƙo wa ɗayanmu takardar ƙuri'a ya san tambayoyin da zai yi: shin buƙatar ta gaske ce, wa zai biya, kuma wa aka tsallake? Masu takardar zama ɗan ƙasa a cikinmu su riƙa karanta takardar har ƙarshenta, domin tambayoyin bashi da haraji galibi a can ƙasa ake saka su, bayan sunayen 'yan takara, inda mutum ya riga ya gaji.

Rashin adalcin tsarin kuma bai halatta wa kowa ya yi ƙarya a takardar harajinsa ba. Mun shigo ƙasar nan da alkawari, mun sa hannu, kuma Musulmi ba ya warware alkawari. Mai tuƙin tasi da mai kitso da mai ɗinki su rubuta abin da suka samu, su nemi duk rangwamen da doka ta ba su.

Saura tambayar da ɗalibai suka fi yawan yi: wanda ya biya harajin gwamnati, shin zai lissafa shi a cikin zakkarsa? Abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai shi ne ba zai lissafa ba, domin zakka ibada ce mai niyya da nisabi da gidajenta takwas, haraji kuwa titi da makaranta da soja yake tafiya. Wanda shekara ta kewayo masa da nisabi, sai ya duba abin da ya rage a hannunsa bayan an cire harajin, ya fitar da kashi 2.5 daga cikinsa. Nisabin zinariya dinari 20 ne, wanda malaman zamani suka auna da kimanin giram 85, sai a tambayi farashin giram a ranar da shekarar ta cika a yi lissafi da shi.

Wallahu a'alamu.